Wayarka Tana Shigowa da La'asar

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, Ya yalwata maka makwanci. Ummi tana nan lafiya, tarin nan ya sake ta. Gwaggo Asabe tana tare da mu tun ranar da aka kai ka, bakinta kuma bai ragu da komai ba. Dawar da ka shuka a bayan gida ta fi katanga tsawo, har ta fitar da kai.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Gara in faɗa tun farko, tunda a shafina na intanet zan sa ta, kuma na san akwai masu jira su ce takaba ta taɓa wa Bilki kai. Saura kwana tara in fita. Akwai abin da ya faru a gidan nan da na kasa ba kowa labarinsa daga farko har ƙarshe, kai kuwa ka saba da surutuna, ba ka taɓa katse ni ba sai in tuwo zai ƙone.

Ka tuna yadda sabis yake mana a da. Mu ne ƙarshen gari a Fammar, ga mu a kwari, waya ba ta kamawa sai a saman zaure ta kusurwar gabas. In mai sayen hula a Kano ya ce in turo masa hoton aiki, sai in jira maza su watse, in mirgina turmi, in hau in ɗaga hannu sama kamar mai kakkaɓe yana. Ranar da na zame na gurɗe ƙafa ka yi mini dariya har da riƙe ciki, sannan ka ɗauko man zafi. Ban yi maka magana ba har washegari. Da ka je Rano ran kasuwa sai ga ka da kwali biyu a bayan babur.

Na farko maifai ne, ɗan akwatin nan da bai fi sabulun wanka ba, mai layi a cikinsa. Na biyu fari ne, yana da ƙahoni biyu a ka. Ka ce sunansa ekistenda, na ce ni dai mai ƙaho na gani, sunan kuma ya bi shi har yau.

Ka zaunar da ni a tabarma kamar 'yar aji uku, halinku na malaman firamare, komai sai an yi masa darasi. Ka ce, "Wannan ƙaramin shi ke kamo sabis, amma muryarsa ba ta da nisa. Mai ƙahonki kuwa ba ya kamo komai da kansa, abin da ya ji daga ƙaramin shi yake maimaitawa da ƙarfi." Ka jera su kusa da juna, ka danna ɗan maɓallin da ke jikin wannan, ka yi maza ka danna na wancan. Fitilar mai ƙaho ta yi ta ƙyafta ja, ta daɗe, sannan ta tsaya kore. Ka ce sun gaisa ke nan. Ka ƙara da cewa mai ƙaho ba shi da sunan kansa, sunan da aka sa wa ƙaramin shi yake ara, har da lambar sirrinsa. Ka sa wa ƙaramin suna Gidan Ummi. Lambar kuwa ba zan rubuta ta a nan ba, na san cikin masu karatu akwai maƙwabta.

Ka zura maifai a tsohuwar safarka, ka rataye a ƙusa can saman zaure, ka ja masa waya daga batirin sola. Shi kuma mai ƙaho ka yi ta yawo da shi a tsakar gida, nan ya yi ja, can ya yi kore amma bai kai ɗakina ba, har ka samo masa wuri a tagar ɗakin, wadda ke kallon katangar baya. Daga nan sai ka ɗauki wayarka ka fita ka zagaya, wai za ka ga iyakar inda ya kai.

Ka dawo kana murmushin nan naka na tsokana. Ka ce, "Bilki, har mutanen bayan katanga sun samu. Sandar sabis ɗaya ce dai, amma ta ishe su, ba su da yawan hira."

Bayan katangarmu babu kowa sai 'yar gonar dawa, daga ita sai maƙabarta. Na ce a'uzu billahi, ka daina irin wannan wasan. Ka ce yo ai maƙwabta ne, kuma su ne kaɗai ba su taɓa aron gatarinka sun hana ba.

Bayan wata bakwai aka kai ka bayan katangar.

Ba zan tsaya kan ranar ba. Motar da ta ɗauko ku daga Rano ce taya ta fashe. An kawo mini hularka wadda na ɗinka da kaina, da takalmi ƙafa ɗaya. Wayarka aka ce an duba ko'ina ba a gani ba. Da maza suka dawo daga jana'iza na ji suna cewa a layin farko aka sa ka, ta wajen gonarmu, kusa da kukar nan. Baba mahaifinka kuwa, tun da aka yi sadakar uku bai sake tako ƙofar gidan nan ba. Gwaggo ta ce in bar yayanta, ba zai iya ganin babur ɗinka a jingine a zaure ba.

A sati na uku na fara turo maka saƙon murya. Ban yi shawara da kowa ba. La'asar ce ke yi mini nauyi, don lokacin ne kake dawowa. Sai in ji ƙarar babur ta mutu, in ji ka yi gyaran murya sau biyu a zaure, sannan sallama. Shekara shida ban taɓa jin sallamarka ba tare da wannan gyaran muryar ya riga ta ba. Don haka in an idar da salla gidan ya yi tsit, sai in ja ƙofa in danna waya in yi ta ba ka labari: akuya ta haihu, Ummi ta tambaye ka, na yi mafarkinka, na ji haushinka da ka tafi ba ka gyara yoyon zaure ba. Wasu maganganun ko a gabanka ban taɓa iya faɗa ba. Kowane saƙo alama ɗaya yake yi ya tsaya, wato bai isa ba. Hakan ya yi mini, don ban nemi ya isa ba.

Wata Talata, ka yi wata biyu da 'yan kwanaki da tafiya, ina zaune ina ɗinki bayan la'asar, wayar tana kan cinyata a buɗe. Ina kallo alamomin suka fara zama bibbiyu, daga sama har ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Allurar ta shige mini ɗan yatsa ban ji ba sai da na ga jini a jikin hular mutane. Can kuma sai saƙon farko, wanda na yi kuka a cikinsa, ya koma shuɗi. An saurara.

Na yi maza na buga layinka. Aka ce a kashe yake ko ba ya inda sabis yake.

Na ce ɓarawo ne, ko wanda ya tsinta. Na ma ji sanyi da wannan tunanin, na zage shi a raina son raina. Sai na tuna kai ba ka sa data a layinka, duk a maifai kake zubawa, kana cewa kuɗin malamin makaranta ba ya son raba ƙafa. Sai kuma na tuna ɗan abin nan da ka sa mini a waya, mai nuna sunayen wayoyin da suka hau kan mai ƙaho, wanda ka sa don kama masu satar mana data. Washegari da la'asar na buɗe shi na zauna.

Da farko suna ɗaya ne, nawa. Ina kallo na biyu ya fito a ƙasansa: Baban Ummi. Sanda ɗaya.

Na fita da gudu ba ko mayafi, na leƙa zaure. Babu kowa, sai babur ɗinka da kaza a ƙarƙashinsa. In da a ƙofar gida wayar take ma ai da sanduna sun cika. Ni na san inda sanda ɗaya take, kai ka auna da ƙafarka ka zo ka faɗa mini.

Na ja turmi zuwa katangar baya na hau. Ban ga komai ba sai ganyen dawa, kore shar, yana kaɗawa, da kan kukar can a bayansa. Babu motsin mutum, babu murya. Mai takaba kuma ba ta da ikon zagayawa ta duba. Na tsaya a kan turmin har saƙona na biyu ya koma shuɗi a hannuna. Bayan kamar kwata ɗin awa sunanka ya ɓace daga jerin.

Haka aka ci gaba kullum. In an idar da la'asar da ɗan jimawa, sai ka shigo. Ka yafe mini, haka nake faɗa a raina, ka shigo. A saurari saƙo ɗaya ko biyu, sannan a fita. Ran Juma'a akan daɗe. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na ce yau kam babu, sai ga sunan ya fito, ana tsawa, ya yi minti biyar ya tafi.

Gwaggo ce ta kama ni, don ta ga na daina cin abincin rana, na kuma daina tashi daga gindin taga. Da na nuna mata, sai ta ja da baya har ta take kwanon Ummi. Ta ce, "Innalillahi! Ke 'yar nan, abin da kike ciki ke nan? Tun ranar da na ga abin nan da ƙahoni a kansa na san ba za a ƙare lafiya ba. Wane irin kayan arziki ne ake yi masa ƙaho?" Na ce ta taimake ni ta zagaya ta duba, tunda ita ba takaba take ba. Ta ce, "Ni Asabe? Maƙabarta da yamma? Ko da rana tsaka ba ni ba ita, sai ranar da aka ɗauke ni aka kai ni."

Ta so ta gaya wa ƙannenka su zo su cire shi. Na durƙusa na riƙe mata ƙafa. Ta haƙura, amma ta ɗauki nata matakin. Kowace safiya sai ta tofa wa mai ƙaho addu'a, ta kifa masa faifai. In ta juya baya in ɗauke.

Ina so ka sani ban bar hankalina ba. Na yi Islamiyya, na san wanda ya tafi ba ya danna waya. Kowace salla sai na yi istigfari a kan abin. Amma da zarar inuwa ta kai bakin randa sai in ga ƙafata ta kai ni taga, ina tsoro kuma ina ɗoki. Wata rana Ummi ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallona, ta ce, "Umma, wa kike jira?" Na ce ba kowa. Sai ta ce, "To me ya sa kika sa turare?" Ban san na sa ba, kuma ka san mai takaba ba ta sawa. Na je na wanke jikina ina kuka.

Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba. Ban taɓa tambaya ko waye ba. Amsa biyu ce kawai, kuma kowacce ina tsoronta. In mutum ne, to na rasa ka karo na biyu, ga kuma wani ƙato ya gama jin cikina. In kuwa ba mutum ba ne, ban san inda zan sa kaina ba.

Yoyon zauren da ka ƙi gyarawa shi ya kawo ƙarshen abin. Sati biyu da suka wuce aka yi ruwa da iska, da gari ya waye na tarar da safarka ta jiƙe sharkaf, maifai ya kumbura ya mutu. Fitilar mai ƙaho ta koma ja. Gwaggo ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah Ya raba mu da shi ba tare da an ji kunya ba."

Kwana uku na yi ina kallon jar fitilar nan. La'asar uku. Ban san ko ana zuwa bayan katanga ana tarar da ƙofa a rufe ba, wannan tunanin ya fi komai ci na.

A rana ta huɗu Yaya Rabi ta zo daga Rano da sabon maifai, don masu hula sun fara kiranta suna cigiyata. Kafin ta zauna Gwaggo ta zayyana mata komai. Ka san Yaya Rabi, aikin asibiti ya sa ba ta kewaye-kewaye. Ta ce, "Bilki, ko dai ɓarawo ne yake shan sirrinki, ko kuma ke ce za ki zauce mana. Ki samo allura ki soka a ɗan ramin da ke bayan mai ƙahon naki, ki riƙe har fitilunsa su ɗauke, zai mance komai. Sai ki haɗa shi da sabon nan da sunan da ya zo da shi. Duk wata tsohuwar waya ba za ta ƙara gane gidan nan ba. A huta." Ta rubuta mini matakan a bayan takardar magani, ta tafi kafin azahar don kada mota ta wuce ta.

Na shimfiɗa tabarmar nan da ka koya mini a kanta, na jera su biyun. Sokawar dole ce, don mai ƙaho ya nace wa mataccen, ya ƙi kula sabon. Na ɗauki allurar ɗinkina na soka, na riƙe. Fitilunsa suka ɗauke gaba ɗaya. Wallahi ji na yi kamar an sake fita da kai daga gidan.

Daga nan na shiga saitin sabon maifai ta wayata, kamar yadda takardar ta ce. Ga wurin suna, da wasu haruffa da lambobi na kanti a ciki. Yaya Rabi ta ce in bar su yadda suke. Na daɗe ina kallonsu, maganarka tana dawo mini, cewa mai ƙaho aron suna yake yi. Na goge na kantin. Na rubuta Gidan Ummi, harafi da harafi yadda ka rubuta, na sa tsohuwar lambar sirri.

Na danna maɓallin wannan, na danna na wancan. Karon farko ja ta yi ta ƙyaftawa har ta gaji, don hannuna ya yi nawa. Karo na biyu ta tsaya kore. Na naɗe maifai a leda, na zura a safarka da na shanya, na hau turmi a zaure. Gwaggo ce ta riƙe mini turmin, tana riƙewa tana faɗa: "Ni dai na shiga uku da yaran zamani. Riƙe bango, kar ki faɗo ki ƙara mini wani aikin." Na mayar da mai ƙaho tagarsa, na miƙe masa ƙahonin.

Aka kira la'asar. Muka yi salla. Gwaggo ta zo ta zauna kusa da ni da carbinta, wai ba kallo ta zo yi ba.

Sunanka ya fito. Sanda ɗaya.

Ban tura komai ba ranar. Muna zaune sai ga wani abu da bai taɓa faruwa ba. A ƙarƙashin hotonka ɗan rubutun nan ya bayyana, mai nuna cewa wancan ɓangaren yana ɗaukar murya. Gwaggo ba ta karatun boko, amma ta ga fuskata, ta damƙe mini wuyan hannu har sai da ya yi shaida. Rubutun ya ƙi ɓacewa. Minti ɗaya, biyu, uku, yana nan. Sannan wayar ta yi ƙara. Saƙo daga gare ka, minti huɗu da 'yan daƙiƙu.

Na yi bisimilla na danna.

Iska ce da farko, da kacau-kacau ɗin ganyen dawa. Sai numfashi, mai nauyi, dab da wayar. Sai wata murya ta kira sunanka na yanka, a hankali, sau biyu.

Muryar Baba ce. Baban da kai ne ɗansa na fari, wanda tun da na shigo gidanku ban taɓa jin ya kama sunanka ba, sai dai ya ce ina yaron nan, ko ku kira mini malaminku. Ga abin da ya ce, na haddace shi:

"Yau ka motsa. Alhamdu lillahi. Kwana uku ina zuwa ina kunna abin nan, shiru. Na ce ko fushi ka yi da ni don na riƙe kayan da ba a raba ba, da haƙƙin marainiya a ciki. Direban nan ne ya kawo mini, ya ce a ciyawa ya tsinta bayan an yi nome. Na so in miƙa wa ƙannenka, sai na kunna na ga fuskarka a jiki. A gida ba ta motsi. A masallaci ba ta motsi. Sai nan wurinka. To ni me zan ce?"

Ya ja hanci. Sannan ya ce, "Bari in danna maka na matarka in ba ku wuri kamar kullum. Ni ban taɓa tsayawa na ji ba, Allah Ya gani."

Na ji an ajiye wayar a kan ƙasa. Na ji takunsa da sandarsa suna nisa, suna nisa, har suka ɓace.

Gwaggo ta fashe da kuka tana cewa, "Yaya ne, wallahi Yaya ne! Kullum sai ya ce gona za shi." Ni kuwa kunya ce ta fara rufe ni, na ja mayafi na rufe fuska kamar yana tsaye a ɗakin. Bayan kunyar sai abin ya sauko mini a hankali. Kai ka koya masa danna saƙon murya, lokacin da ƙanwarka take turo masa gaisuwa daga gidan aurenta. Yana gane nawa da hoton Ummi da ke jiki. Ranar babu sabon saƙo, kuma tun da ya buɗe wayar yatsansa ya faɗa kan wurin ɗaukar murya bai sani ba. Wato wata ɗaya da rabi cur, tsohon nan yana ɗora muryata a kan kabarinka, ya koma gindin kuka ya juya baya, saboda kunyar suruka. Duk abin da na faɗa, a kanka aka faɗe shi.

Akwai saura a cikin saƙon, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙar. Bayan takun Baba ya ɓace, kusan minti biyu babu komai sai iska. Sannan, dab da wayar, aka yi gyaran murya. Sau biyu. Bayan shi da jimawa ne na ji sandar Baba tana dawowa daga nesa, aka ɗauki wayar, saƙon ya yanke.

Na san kai da Baba iri ɗaya kuke gyaran murya, a wurinsa ka gada. Na san iska tana ɗauko sauti ta kawo shi kusa. Gwaggo ta ce ita kurciya ta ji, Yaya Rabi ta ce karan dawa ne ya gogi ɗan'uwansa. Duk na yarda. Sau ɗaya na saurari wurin, ban sake ba, ban kuma goge ba.

Washegari Gwaggo ta yafa mayafi ta tafi gidan Baba. Ta ce ta yi masa bayanin mai ƙaho iya fahimtarta, har da kwatance da hannu a ka. Da ta gama sai ya ce, "To. Ashe ƙarfe ne." Can kuma ya ce, "Amma ai muryar ta yarinyar ce, kuma a kansa nake ajiyewa." Ya naɗe wayar a hankici ya ba ta, ya ce a ba ni haƙuri, a kuma kai wa masu rabo. Na ce Gwaggo ta mayar masa a ranar. Ƙannenka da suka ji, babu wanda ya iya ɗaga ido, suka ce in an zo rabo a bar ta a ɓangaren Baba.

Na daina turo maka dogayen saƙonnin nan. Abin da zan faɗa maka yanzu a sujada nake faɗa, na san ta nan ce hanyar da ba ta yankewa. Amma wayar ba ta zauna shiru ba. Ummi ce ke riƙe tawa da hannu biyu ta ce, "Kaka ina wuni, akuyarmu ta ci sabulu." Gwaggo ta ce yanzu Baba ba ya komawa gindin kuka, tsayawa yake ya ji, har ya sake dannawa. An ce masa ya zo zaure ya zauna a kujera, a nan sanduna suke cike. Ya ce a'a, can ya saba.

In na fita takaba Tarai zan koma, gidanmu. Yaya Rabi ta ce in tattara maifai da mai ƙaho in tafi da su, tunda can ma sabis ɗin sai an hau tudu, kuma da su nake cin abinci. Gaskiyarta ne. Amma na auna, in na cire su, gobe da la'asar tsohon nan zai tsaya a kanka ya kunna waya ya ji shiru, ko da ya san ƙarfe ne. Na riga na ji muryarsa bayan shirun kwana uku, ba zan iya sa shi a na har abada ba. Ƙaninka Nasiru da matarsa za su dawo gidan. Na ce musu komai nasu ne su juya yadda suke so, ban da ƙusar zaure da tagar baya. Datar ni zan riƙa turowa daga can. Nasiru ya riga ya gyara yoyon, cikin awa ɗaya, ka ji kunya. Ni kuma zan koma hawa turmi, ƙafar ai ta warke.

Allah Ya jiƙanka, Baban Ummi. Allah Ya sa kabarinka ya zama dausayi, Ya haskaka shi, Ya yafe maka kurakuranka har da wasan da ka yi da maƙwabtanka na yanzu. Allah Ya ba Baba haƙuri da tsawon rai, Ya raya mana Ummi, Ya haɗa mu a inda babu katanga a tsakani. In akwai abin da na yi cikin watannin nan da bai dace ba, Allah Ya yafe mini, kewa ce.

Zan tsaya nan, inuwa ta kai bakin randa. Fitilar kore ce, na kuma bar maka ita a kunne.

Matarka,
Bilkisu, Maman Ummi
Fammar